Sun rubuto min "may" da "could", mai makaranta kuma na jiran sa hannuna ranar Juma'a

Abu Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Watan jiya na yi intabiyu da wata ƙungiyar agaji, jiya suka turo saƙo kamar haka: "A position may open up in April, but the funding could still fall through. We should get back to you before then." Kowace kalma na santa, amma da aka haɗa su na rasa inda aka dosa. Aikin ya samu ne ana jiran Afrilu, ko sallama ce cikin ladabi? Mai makarantarmu ya ce wanda zai ci gaba ya sa hannu a yarjejeniyar shekara guda zuwa Juma'a, wanda ya tafi kafin wa'adi zai mayar da albashin wata biyu. Ina da iyali. Don Allah masu ilimin abin ku auna min maganar nan.

Bagobiri: Wa alaikumus salam. Barka da arziki Malam! In ka sauka Turai kada ka manta da mu.

Abu Khalifa: Aikin a Maiduguri ne, ɗan uwa, kuma ban samu ba tukuna.

Ummu Sudais: Malam, Turanci nake koyarwa a sakandare, bari in warware maka. Kowace gaɓa a saƙon tana da abu biyu. Na farko aikatau ne da aka maƙala wa ƙaramar kalma, ma'anarsa ta canza: open up a nan gurbi ya samu, fall through shiri ya rushe kafin ya kammala, get back to a waiwaye ka da amsa. Na biyu shi ne kalmar da ke gabansa, ita ke auna yiwuwar abin. May, might da could duk "mai yiwuwa" ne, babu alkawari a cikinsu. Should ta fi su ƙarfi, tana nufin suna sa ran hakan. Will ce ta tabbaci, kuma ka duba, ba ta cikin saƙon ko sau ɗaya. To ka ga inda suka ajiye kalma mafi ƙarfi: a kan za su sake tuntuɓarka, ba a kan aikin ba. Sannan still ɗin nan tana cewa har yanzu kuɗin bai shigo hannunsu ba.

Baban Zahra: Ƙanena, sa hannu. Ka je gobe ma, kada ka jira Juma'a. Ni da nake maka magana irin wannan saƙon ne ya raba ni da aikina. A ƙarshen 2024 aka rubuto min "the contract should come through by February". Na nuna wa wani abokina, ya ce ai should kamar an gama ne. Na ajiye aikin shagon magani da nake yi, na biya hayar ɗaki a Maiduguri, na ɗauko matata da yara biyu. Ranar 20 ga Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, cikin 'yan kwanaki ayyuka suka tsaya cak. Saƙon da ya biyo baya layi biyu ne: "we may have to call it off". Ko a nan ma may suka sa, ba su iya cewa an fasa kai tsaye ba. Na zauna ina duba waya kullum, ina cewa tunda may ce akwai sauran rai. Sai da matata ta sayar da keken ɗinkinta muka samu kuɗin motar komawa gida. Ranar da mai sayen ya zo ɗauka, da zare a jikin allurar, ita ta cire da hannunta. Shagon da na bari an riga an ɗauki wani.

Ummu Sudais: Allah Ya mayar da alheri, Yaya. Amma should ba ta yi maka ƙarya ba, zato ce mai ƙarfi, ba rantsuwa ba.

Baban Zahra: Malama, nahawu bai biya min haya ba.

Na Sabon Gari: Tun kakanni aka gama darasin nan: wataƙila ta hana Bature ƙarya. 😂

Hajiyar Landan: Da girmamawa ga Malama, abin da ke littafi daban, abin da ke bakin mutanen daban. Na yi aikin jinya a Ingila. Idan shugabar sashe ta ce "I might pop in later", kada ka jira ta. Idan ta ce "you might want to look into that", ba zaɓi ta ba ka ba, umarni ne, ka tashi ka yi. Saƙonka a kunnena a'a ce da aka lulluɓe.

Ummu Sudais: Hajiya, misalinki na biyu gaskiya ne, amma wannan might ta ladabi ce, ba ta auna yiwuwa ba. Ba a haɗa su. Da a'a suke nufi, da sun rubuta "we can't take you on". Bambancin da ke kayar da ɗalibaina kenan: may not work out mai yiwuwa ba zai yi ba, can't work out ba zai taɓa yi ba.

Hajiyar Landan: Ke kina koyar da shi, ni na ci abinci da shi.

Injiniya MK: Ba sai an zauna Ingila ake fahimtar wasiƙar ofis ba, Hajiya, kuma wa ya ce Bature ne ya rubuta? Yawancin masu ɗaukar ma'aikata a ƙungiyoyin nan 'yan Najeriya ne. Abu Khalifa, shawarata ka shiga darasin Turancin aiki, gaba ma za ka buƙata. Akwai mai yi a unguwarmu dubu goma sha biyar a wata.

Maman Ilham: Dubu goma sha biyar a ina? Ƙanwata dubu sittin ta biya na shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, mako shida.

Injiniya MK: Na jarrabawa daban ne.

Bagobiri: Ni dubu biyar nake biya a wani rukunin WhatsApp, kullum ana turo phrasal verbs goma, wato irin su open up da fall through ɗin nan.

Ummu Sudais: Haddar goma kullum ba ta kai mutum ko'ina in ba a cikin jimla ya gan su ba. Ka gwada: "they may call it off" ake cewa, it a tsakiya, ba a ƙarshe ba. In abin ya riga ya wuce kuma, "it might have fallen through". An koya muku wannan?

Bagobiri: Ba mu kai nan ba tukuna.

Abu Khalifa: Na gode kwarai. Amma ba darasi nake nema yanzu ba. In na rubuta musu na tambaya kai tsaye, ba za su ga na matsa ba?

Maman Ilham: Laifin makarantunmu ne wallahi. Tun firamare may ɗaya muka sani, "may I go out", mu ɗaga yatsa a ba mu izini. Muka yi WAEC muka yi JAMB, ana ba mu cike gurbi muna canka, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana wasiƙar aiki ta gaske. Yanzu ga ɗana a aji biyar, kuɗin makaranta ya ninka, littafin Turanci ana tilasta mana saya a wurinsu, amma bai iya haɗa jimla uku ba.

Na Sabon Gari: A hankali dai, mai tambayar malamin makarantar kuɗi ne.

Abu Khalifa: Lissafi nake koyarwa, Maman Ilham. Kuma kuɗin da kuke biya ba ya iso mu, albashina bai motsa ba tun kafin a cire tallafin mai a 2023.

Baban Zahra: Duk da haka yana shigowa ƙarshen wata. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Injiniya MK: Wannan sharaɗin mayar da albashin wata biyu fa, wa ya ce doka ta yarda da shi? Akwai lauya a cikinmu?

Maman Ilham: A makarantar 'ya'yana malamai uku suka tafi a zango ɗaya. Ku faɗa min, nawa ake biyanku ne takamaimai?