Na haɗa kiɗan hawan sallah a Game Boy, ina neman wanda zai faɗa min gaskiya a kansa

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, kuma duk wanda zai amsa ya faɗa min gaskiya ko da ba daɗi. Wajen wata bakwai kenan ina koyon haɗa kiɗa a Game Boy, irin na farkon nan mai kauri ruwan toka wanda Nintendo suka fitar a 1989, mai cin batir huɗu, yayana ne ya taho min da shi daga Legas cikin kayan gwanjo, daga baya nayi odar kaset ɗin da ake loda wa manhaja na saka LSDj a ciki, wato manhajar haɗa kiɗa a Game Boy. Ga wanda bai sani ba ciptun ake ce wa wannan kiɗan, injin sautin da ke cikin na'urar ne da kansa yake kaɗawa, kuma murya huɗu kacal gare shi, biyu sirara masu tiiit ɗin nan, ɗaya wadda kai ne kake zana mata siffar sautinta, ta huɗun kuma shuuu take yi kamar rediyo ya rasa tasha. Duk abin da zaka yi dole ya shiga cikin huɗun nan.

Ni burina inyi kiɗan hawan sallah, abin da kunnena ya taso yana ji in dawakai suka nufo ƙofar fada, algaita a sama ganguna a ƙasa. Na gama guda ɗaya mai minti uku da ɗan wani abu na tura wa abokai a WhatsApp, toh amsoshin ne suka dame ni. Wasu suka ce yayi kyau Allah ya ƙara basira, shikenan, wasu suka ce kamar ringin ɗin tsohuwar Nokia, ƙanwata kuma tace kanta ya fara ciwo tun kafin ya kai rabi. Ba wanda ya nuna min ga inda ya lalace ga inda yayi daidai, ni kuma na saurare shi har kunnena ya daina bambance komai.

Tsarin da nayi: sirara biyun, wato PU1 da PU2, PU1 algaita, PU2 tana mata amshi, WAV wadda ake zana wa siffa ita ce bes, NOI mai shuuu ɗin kuma ganga. Ɗaukar kuma wayata na kara a bakin sifikar Game Boy ɗin na danna rikodin. Gashi nan na ɗora. Matsalar daga kiɗan ne ko daga ɗaukar? Sannan wa zan kai wa ya saurara, tunda ban san kowa a Zariya da yake wannan harkar ba?

Mai Dalma PZ:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na saurara sau biyu. Ni ba makaɗi bane, gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata, saboda haka ta ɓangarena zan yi magana.

Abin da ka turo ba kiɗanka muke ji ba, 'yar sifikar nan muke ji. Guda ɗaya ce tal kuma 'yar mitsitsiya, bata iya fitar da sautin ƙasa, sai makirfon waya ya ci nasa, sai kuma ka tura shi ta saƙon murya WhatsApp ya matse shi, har ƙarar mashin na ji yana wucewa wajen minti ɗaya. Bes ɗin da kace ka saka a WAV ni ban ji shi ba sam. Ita wannan muryar tana sauka har 32 Hz, sauran sirara biyun a 64 suke tsayawa, toh ina sifikar da bata fi kwabo girma ba zata kai can? Sautin sama zalla ya rage, shi ne ya sa wa ƙanwarka ciwon kai, ba laifinta bane.

Ka nemi waya mai kan iyafis gaba da baya, akwai su a kasuwar Sabon Gari, ka jona daga ramin iyafis na Game Boy zuwa ɗan ƙaramin katin sauti na USB, ka ɗauka a kwamfuta da manhajar Audacity tunda kyauta ce. Lokacin ɗauka ka zare cajar laftof ɗin, musamman in janareta ne a kunne, in ba haka ba zaka ji wani gurnani a ƙasan kiɗan wanda daga wuta yake shigowa. Ka sa sababbin batir, ka murɗa ƙarar Game Boy ta kusa ƙarshe ka rage ta wajen kwamfuta, in ka gama ka tura shi a matsayin dokumen kar WhatsApp ya taɓa shi. Akwai gyaran da 'yan wannan harkar ke yi da suke kira prosound, ana ɗauko sautin ne tun kafin ya shiga amfilifayar ciki a fitar da shi ta wani rami daban, amma kar kayi gaggawar buɗe shi, irin naka ɗin nan dama shi aka fi so saboda kaurin sautinsa. In ka ji ƙaras-ƙaras lokacin murɗa ƙara ka kawo min shago in wanke maka wajen, ba sai ka biya ba.

Abba Bit Tudun Wada:

Abokina gaskiya ni ban gane dalilin wannan wahalar ba, murya huɗu a wannan zamanin? A FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, akwai fulogin, ƙananan manhajojin da ake ƙara mata, da zasu baka wannan sautin cikin minti goma kuma ka ƙara duk abin da kake so a kai, sannan maganar kasuwa, ba amaryar da zata ce a sa mata wannan ranar kamu. Amma tunda gaskiya ka nema ga tawa a matsayina na mai zama a situdiyo kullum: shigarwar tayi tsawo, sakan arba'in ana abu ɗaya kafin algaitar ta shigo, mutum zai wuce. Launin da ya shigo a 1:20 kuwa wallahi yana da daɗi, tun ɗazu yake yawo a kaina, shi ya kamata ka buɗe da shi. In ka sake ɗauka ka zo muji a manyan sifiku.

Jikar Makaɗa:

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Ni ban san na'urar nan ba amma kakana na wajen uwa makaɗi ne a cikin birni, a gabansa muka tashi, toh bari in faɗi abin da kunnena ya ji.

Gangar taka tafiyar soja take yi, ɗaya biyu uku huɗu a miƙe. Kiɗan da kake son kwaikwaya mirginawa yake, uku-uku yake tafiya a ciki kamar sukuwar doki, shi yasa in ana yi jiki ke rausaya da kansa. Na gwada tafa hannu a kan naka yadda ake yi a gida, hannuna sai tuntuɓe yake. Na biyu kuma ganga a wajenmu magana take yi, tana hawa tana sauka kamar harshe, ka duba kalangu yadda makaɗi ke matse igiyoyin a hammata sautin ya tashi ya saki ya sauka. Kai kuma ka ba wa muryar shuuu ɗin nan aikin ganga, toh bata da bakin magana, sai ta zama kamar ana dukan kwano. Me ya sa ma ka sa bes? A hawan sallah ba mai jita, ganguna ne ke riƙe ƙasan. Da ni ce sai in cire bes ɗin gaba ɗaya in mayar da gangar waccan muryar mai kauri, ita kuma shuuu ɗin ta zama kacau-kacau ɗin kayan doki.

Algaitar ma tana yankewa tsakanin kowane sauti. Mai algaita baya tsayawa jan numfashi, ka ga kumatunsa a kumbure, ta hanci yake shaƙa iskar na fita ta baki, saboda haka sautin zare ɗaya ne ba yankewa, yana zamewa daga wannan zuwa wancan yana ɗan karkarwa. Wannan zamewar ita ce algaita, in babu ita sarewar roba ce.

Maganar wa zaka kai wa kuwa, abokanka ba ƙin faɗa maka suka yi ba, kara ce irin tamu, in ka ce wa Bahaushe ya ka ji abin da na yi ba zai taɓa ce maka bai yi ba. Ka daina tambayar yayi kyau. Ka ce wa mutum a wane wuri ka fara gajiya, wane wuri zaka iya rerawa bayan an kashe. In kuma ka samu makaɗi kar ma ka tambaye shi komai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka kunna masa ka roƙe shi ya bi da hannu a kan benci, kai dai ka zuba wa hannun ido. Abu ɗaya da zan ja maka kunne, kakaki da tambari kayan sarauta ne, in zaka kwaikwayi taken wani basarake ka fara tambayar masu abin.

Tamineta99:

Maigida ashe akwai irina a garin nan, ni a Kongo nake, FamiTracker nake amfani da shi, manhajar haɗa kiɗan Famicom, na'urar gem ta Nintendo da ake jonawa a talabijin. Maganar Hajiya Jikar Makaɗa ta uku-uku tana da sauƙin gyara a LSDj, kowane shafi layi 16 ne, in ka sa umarnin H00 a layin C, wato na sha uku, zai tsallake zuwa shafi na gaba, kaga ya koma layi 12 kenan, sai ya rabu uku-uku. Zamewar algaita umarnin L ne, karkarwar umarnin V, sannan ka maida faɗin siffar sautin PU1 zuwa kashi 12.5 ko 25 cikin ɗari zai fi fita ta hanci, 50 ɗin da ka sa ne yake kama da ringin. Ganga a WAV kuma umarnin P zaka sa sautin ya faɗo daga sama. Ka kula da umarnin O mai raba sauti hagu da dama, Game Boy bashi da tsaka-tsaki, ko hagu zalla ko dama zalla ko duka biyun, in ka jefa algaita kunne ɗaya mai iyafis zai wahala.

Abin da ya taɓa faruwa da ni, Famicom na asali da ya fito a 1983 murya biyar gare shi, amma irin wanda muka buga muna yara mai kaset ruwan ɗorawa kwafi ne, kuma da yawansu faɗin 25 da na 50 ɗin a juye suke. Na daɗe ina gardama da wani a intanet yana cewa sautina yayi kauri ni ina cewa siriri ne, ashe kowa abin da na'urarsa ta bashi yake ji. Saboda haka duk inda zaka ɗora ka rubuta a kan me ka ɗauka. Akwai shafin intanet na 'yan wannan harkar mai suna Battle of the Bits, suna gasa ana ba juna maki, zasu gyara maka ɓangaren na'ura sosai amma ba zasu san ko algaitarka tayi algaita ba. Kuma dan Allah ka riƙa kwafe sef ɗinka, wato aikin da ka adana a kaset, a kwamfuta, wasu kaset ɗin ɗan batir ne ke riƙe da shi, ranar da ya mutu aikin wata bakwai ya tafi.

Ɗan Samaru:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, kuyi haƙuri kwana tara ban leƙo ba aiki nake ta yi a kai. Baba Mai Dalma na sayi wayar na sake ɗauka, ashe bes ɗin ma yawa yayi yana danne komai, ban taɓa jinsa ba sai ranar. Na cire shi na maida gangar WAV na koma layi 12, na kuma yanke shigarwar zuwa sakan goma kamar yadda Abba yace, duk da dai FL ɗin ba zan koma ba, murya huɗun nan ita ke tilasta min sanin abin da ya zama dole a cikin kiɗan.

Jiya da la'asar wani abokin babana ya kai ni wajen wani dattijo mai kalangu ta wajen Ƙofar Doka. Na kunna masa a ƙaramar sifikar bulutut, yayi shiru, sai ya fara bi da yatsu a gwiwarsa, ya tafi lafiya lau har wajen minti biyu inda algaitar ke hawa sama, nan hannunsa ya tsaya. Na maimaita sau uku, duk a nan yake tsayawa. Sai yace yaro gangarka ta riga mai busa isa gida, ka sa ta jira shi. Na dawo na duba, ashe gangar tana rufe zagayenta bugu ɗaya kafin algaitar ta sauko. Yace in na gyara in dawo ranar Juma'a bayan masallaci in taho da akwatin kansa yana so ya ga abin da ke kukan.

Tamineta, in na sa L a dogon sauti yana ɗan wuce inda nake so kafin ya zauna, daga saurin ne ko wani abu na taɓa a teburin umarni na LSDj? In kana Kongo gobe da yamma zan shigo da shi ka duba min.