Gadon gida da Littafi Mai Tsarki: shawarwarin da aka bayar

Tambayar da aka tattauna a kai ita ce, me Kirista zai riƙe daga al'adun iyayensa, me zai bari?

Yawancin masu magana sun ce kada a yi gaggawar watsi da komai. Sun kawo 2 Timoti 1:5, inda Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a zuciyar kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Saboda haka a zauna da tsofaffi tun suna raye, a tambaye su, a rubuta sunayen kakanni. Wata dattijuwa ta ƙara da cewa kada a ɓoye masu abin kunya a cikin dangi, tunda Matiyu 1 bai cire Rahab, wadda karuwa ce a dā, daga asalin Yesu ba. Wannan maganar ce ta fi kama ni.

An ɗan yi ja-in-ja kan al'adar da ta saɓa wa Nassi. Ma'aunin da aka fi yarda da shi yana Markus 7: Yesu ya tsawata wa masu fakewa da keɓe dukiya ga Allah don su ƙi taimakon iyayensu. Irin wannan al'adar a bar ta, amma a bayyana wa iyaye dalili cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba.