Mu bar Hamburg mu koma gabashin Jamus?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Maigida ya samu aikin jinya a wani ƙaramin gari kusa da birnin Chemnitz a jihar Saxony. Haya can ba ta kai rabin ta Hamburg ba. Abin da ke hana ni barci 'yata ce, shekararta 12, tana sa hijabi. Wanda ya zauna can da yara, ya makarantunsu suke?

Ɗan Zongo: Hajiya, ki fara cin jarrabawar harshen Jamusanci ta matakin B1. Tun 2024 zaman shekara biyar ya isa neman fasfon Jamus.

Maman Hanifa: Na ci tuni, Malam. Makaranta nake tambaya.

Baban Sadik: Ni na zauna, kuma ina can aka yi zanga-zangar ƙin baƙi ta 2018. Kwana da kwanaki matata ba ta leƙa waje ba. Maƙwabcina bai taɓa amsa gaisuwata ba, amma yara suna yin motsi zai buga ƙofa. Sadik ya dawo yana kuka, wai an ce fatarsa datti ce. Na je makaranta, aka ce wasan yara ne. Sallar Juma'a sai na hau jirgin ƙasa. A zaɓen jihar na 2024 jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta haura kashi 30. Wallahi ko kyauta aka ba ni gida ba zan koma ba.

Ummi Leipzig: Allah Ya ba da haƙuri, Baba. Amma ni a nan Leipzig, ita ma a gabashin take, 'yata da hijabinta take zuwa, malamarta har barka da Sallah take mata. Ɗaki uku muna biyan Yuro 650.

Ɗan Zongo: 650? Ƙanina 900 yake biya a Leipzig ɗin.

Baban Sadik: Leipzig birni ne, 'yata. Ƙauye ake magana. Wanda bai kwana can ba ya yi shiru.

Ummi Leipzig: Kai ma ai ka daɗe da tashi, Baba. Ni yanzu nake ciki.

Na Maraɗi: Ni dai duk garin da ba a sayar da daddawa ba na sa hannu a kwantiragi 😂

Hajiya Bilki: Ku bar batun haya. Wata nawa nake jiran ofishin baƙi na garinmu ya sabunta min takardar zama, ba sa ɗaga waya, mai aikina kullum sai ya tambaya. Akwai wanda lauya ya yi masa amfani?

Ɗan Zongo: Nawa lauyan ya ce zai karɓa, Hajiya?