Kwamfutata tana tsayawa wajen tashi, fanka kuma na ta ƙara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara. Kwamfutar tebur ce, shekararta shida a hannuna, kuma duk aikina yana ciki. Kwana huɗu ke nan in na kunna ta sai baƙin allo ya fito da rubutu "CMOS checksum error", ya ce in danna F1. In na danna tana shiga, amma agogonta ya koma shekarun baya, har wasu shafukan intanet suka ƙi buɗewa. Fanka kuma tun daga kunnawa har kashewa ƙara take kamar za ta tashi sama. Wani ya ce in sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ta shiga. In yi?

Wani mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa BIOS tukuna. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma alamun da ka lissafa ba su nuna can ba. Batirin CMOS ne ya mutu. Ɗan ƙarami ne kamar kwabo, a kan babban allon ciki, lambarsa CR2032, ƙarfin wutarsa volt 3. Shi ke riƙe agogo da saituna idan an zare wuta. Da ya mutu sai komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, har da saitin gudun fanka. Shafukan da suka ƙi buɗewa ma kwanan watan ne, don burauza tana gwada takardar tsaron shafi da agogon kwamfutarka. Zare wayar wuta, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma, tura ɗan ƙarfen da ya riƙe batirin, zai ɗago da kansa. Sabon ka sa shi gefen mai alamar + yana sama.

Wata 'yar'uwa: Ƙari a kan bayanin Malam, kafin ka canza komai a BIOS ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Ni da nawa ya mutu, saitin SATA, wato yadda kwamfuta ke magana da faifan ajiya, ya sauya daga tsarin RAID zuwa na AHCI, Windows ta ƙi tashi, na ɗauka fayilolina sun tafi. Ashe layi ɗaya ne kawai zan mayar.

Wani ɗan'uwa: Batun fanka, ka saurara da kyau. Ƙarar iska ce ko ƙarar gurzawa? In gurzawa ce, boris ɗin fankar ya ci, sai canji. In iska ce, duba zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a BIOS. Tana zaune ba ta aikin komai bai kamata ta wuce digiri 50 ba sosai. In ka ga 70 ko 80, ƙura ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ko man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe. Lokacin hure ƙurar ka riƙe fiffiken da yatsa kada ya yi ta juyawa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na canza batirin, na gyara kwanan wata, rubutun ya daina fitowa. Ƙurar da na tarar ta yi kauri kamar bargo, na share, zafin ya sauko daga 74 zuwa 46. Sai dai fankar baya tana ɗan gurzawa har yanzu. Malam, mai waya 3 zan saya ko mai 4?

Mai gyaran kwamfuta: Ƙirga filolin inda ka zare ta a allon. In 4 ne, sayi mai 4, ita allon ya fi iya sarrafa gudunta. Ka auna faɗinta kuma, yawanci milimita 80, 92 ko 120 ne.