Neman shawara: fayiloli suna komawa farko idan sabis ya yanke a manhajar da na gina da Electron

Mai tambaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa masu sana'a. Ina neman shawararku a kan wata matsala da nake fama da ita makonni biyu ke nan. Na gina manhajar kwamfuta da Electron, wato tsarin gina manhajojin kwamfuta da fasahar shafukan intanet, domin wata cibiyar koyon sana'a a nan Kano, inda ɗalibai suke sauke darussan bidiyo da takardun PDF a kwamfutocinsu don su yi nazari ko da babu intanet. Na zaɓi Electron ne saboda JavaScript da HTML su ne abin da na iya, kuma ganin cewa VS Code da Slack da Discord duk a kansa aka gina su, ban taɓa zaton sauke fayil zai zame mini alaƙaƙai ba.

Bidiyon darasi ɗaya yakan kai megabait 600, wani ma ya haura gigabait 1. Idan ɗalibi ya danna maɓalli, manhajar tana kiran downloadURL, sannan a cikin will-download, wato saƙon da Electron ke bayarwa idan za a fara saukewa, ina sanya wurin ajiya da setSavePath. A ofishina komai yana tafiya daidai. A hannun ɗalibai kuwa, da zarar sabis ya yanke ko an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, sai fayil ɗin ya koma sifili, ko da saura ƙiris ya kammala. Wata ɗaliba ta sayi data har sau uku a kan darasi guda, kuma kunyar wannan ce ta sa na kawo maganar nan. Akwai kuma ƙananan matsaloli biyu: sanarwar kammalawa takan fito sau biyu ko uku, sannan a wasu fayilolin sandar da ke nuna ci gaban saukewa ba ta motsi ko kaɗan. Shin in ci gaba da DownloadItem, wato tsarin saukewa da Electron ya zo da shi, ko in rubuta nawa tsarin saukewar da Node.js?

Amsa daga wani dattijon zaure:

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Kafin ka taɓa layi ɗaya a cikin manhajar, fara bincikar uwar garken (server) da fayilolin suke kanta, domin ci gaba daga inda aka tsaya yarjejeniya ce tsakanin ɓangarori biyu, kuma idan ɗaya bai amince ba, ƙoƙarin ɗayan banza ne. Manhaja tana aika buƙata mai ɗauke da Range, wato tana cewa a ba ta fayil ɗin daga bait kaza zuwa ƙarshe. Uwar garken da ta yarda da haka takan amsa da lamba 206 tare da guntun da aka nema kawai, wadda ba ta yarda ba kuma takan amsa da 200 ta turo fayil ɗin gaba ɗaya daga tushe. Bayanan Electron na hukuma sun faɗi sharaɗin a fili: sai uwar garke ta goyi bayan Range, kuma ta bayar da ETag (alamar da ke bambanta sigar fayil) da Last-Modified (lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe) duka biyun, in ba haka ba resume, wato umarnin ci gaba da saukewa, zai zubar da abin da aka riga aka sauke ya sake daga farko. Wannan ya yi daidai da abin da ka bayyana.

Gwajin ba ya ɗaukar minti biyu. Ka yi amfani da curl -I, wato umarnin da ke nuna bayanan da uwar garke ke amsawa da su, a kan adireshin bidiyo ɗaya, ka duba ko akwai Accept-Ranges: bytes da ETag da Last-Modified da Content-Length, wato girman fayil. Daga nan ka nemi bait 100 na farko da curl -r 0-99 ka ga ko 206 za ta dawo. Na fi zargin cewa ba kai tsaye ake miƙa fayilolin ba, akwai wani ɗan shiri da ke tantance ɗalibi sannan ya karanta fayil ɗin ya turo shi, kuma irin waɗannan shirye-shiryen ba sa kula da Range sai wanda ya rubuta su ya koya musu. Idan kuma adireshi mai sa hannu na wucin gadi kake amfani da shi, irin na ma'ajiyar fayiloli ta Amazon S3, ka tuna yana da wa'adin da ba ya wuce kwana 7, kuma mutane da yawa awa ɗaya kacal suke ba shi, don haka ɗalibin da ya dawo washegari zai tarar da tsohon adireshin ya mutu, sai manhaja ta nemi sabo.

Amsa daga wata 'yar uwa:

Malam ya yi maganar babbar matsalar, ni kuma bari in taɓa ƙananan biyun, don na taɓa faɗa musu. Sanarwar da ke fitowa sau biyu ko uku alama ce ta cewa ka ɗora mai sauraron will-download a cikin aikin da ke buɗe taga. Shi will-download na session ne, wato zaman da ke riƙe da harkokin intanet na tagogi, kuma tagogin manhaja duka session ɗaya suke tarayya a kai matuƙar ba ka raba musu ba, saboda haka duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga sai a ƙara wani mai sauraro a kan na baya. Ka ɗora shi sau ɗaya tak, bayan manhaja ta gama shirin tashi.

Sandar da ba ta motsi kuwa, getTotalBytes yana dawo da sifili ne idan uwar garke ba ta faɗi girman fayil ba, kai kuma kana raba abin da aka karɓa da wannan sifilin, sakamakon ya zama Infinity ko NaN. A irin wannan hali ka nuna wa ɗalibi adadin megabait da suka sauka kawai. Idan kana amfani da setProgressBar, ba shi lambar da ta haura 1 yana mayar da sandar zuwa yanayin da ke nuna ana aiki ba tare da ƙayyade kaso ba. Ka lura cewa rashin Content-Length shi ma yana ƙarfafa zargin da Malam ya yi.

Amsa daga wani mamba:

Ɗan uwa, akwai bambancin da ya kamata ka riƙe, domin yankewar sabis daban, mutuwar kwamfuta daban. Idan sabis ne ya yanke alhali manhajar tana buɗe, DownloadItem yana nan da ransa, yanayinsa ya koma interrupted, sai ka duba canResume ka kira resume. Idan kuwa wuta aka ɗauke, Electron ba ya tuna komai bayan ya sake tashi. Don haka aka tanadi createInterruptedDownload, wanda ke buƙatar ka ba shi wurin fayil, jerin adiresoshin da aka bi, adadin bait da aka samu, cikakken girman fayil, da ETag da Last-Modified, kuma kai ne za ka adana waɗannan tun farkon saukewa a cikin foldar userData.

Sai dai ni, bayan na sha wahala da wannan hanyar, na bar ta. Soke saukewa yana share guntun fayil, kuma na sha ganin guntun ya ɓace idan mutum ya rufe manhajar da hannunsa ana cikin aiki, wanda ke nufin sai ka yi ta dabarun ɓoye fayil daga injin da kake dogaro da shi. Ga manhaja irin taka, wadda ka san fayilolinta tun kafin a nema, na fi son a rubuta saukewar a babban ɓangaren manhaja, wato main, da net na Electron. Na fifita shi a kan https na Node.js saboda yana bin hanyar sadarwar Chromium, injin burauzar da ke cikin Electron, yana kuma mutunta saitin furoksi na kwamfutar, wato na'urar tsakiya da ake bi ta kanta zuwa intanet, abin da ke da amfani a makarantu da ofisoshi. Za ka riƙa rubuta bayanan cikin fayil mai ƙarin .part, duk lokacin da za a ci gaba ka auna girmansa na gaskiya da fs.stat, ka sa wannan adadin a Range, ka haɗa da If-Range mai ɗauke da tsohon ETag. Idan an canza bidiyon a uwar garke, amsar za ta zo da 200, sai ka goge guntun ka fara sabo. Idan an gama, ka lissafa SHA-256, wato lambar da ke tabbatar da cewa fayil bai lalace ba, ka gwama da wanda ka ajiye a jerin darussa, sannan ka sauya sunan. Ka ajiye guntun a folda ɗaya da inda fayil zai zauna, domin fs.rename yana gazawa da kuskuren EXDEV idan aka ce ya tsallaka daga wani diski zuwa wani.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi shi ne sauke bidiyon da fetch a ɓangaren da ke zana fuskar manhaja ka tara shi a Blob, wato dunƙulen bayanai da burauza ke riƙewa, domin nauyin zai iya durƙusar da kwamfuta mai RAM gigabait 4, kuma duk abin da aka tara zai tafi da zarar an rufe taga.

Amsa daga wani mamba na daban:

Tawa gajeriya ce, a kan tsaro. Kada ka amince da sunan fayil da ya zo daga uwar garke cikin Content-Disposition yadda yake. Ka tace shi da path.basename, ka cire alamomin da Windows ba ta karɓa kamar alamar tambaya da tauraro da ɗigo biyu, ka kuma kiyayi sunayen da ta keɓe irin su CON da NUL da PRN. Mafi alheri ma, tunda darussan naka ne, ka ƙirƙiri sunan da kanka daga lambar darasi. Haka nan fuskar manhaja ta aika lambar darasi kawai ta hanyar preload, wato gadar da ke tsakaninta da babban ɓangare, babban ɓangare ya yanke adireshi da wurin ajiya. Tun Electron 12 ake kunna contextIsolation, wato shingen tsaron da ke raba shafin da ake nunawa da preload, ba sai an nema ba, kada ka kashe shi don neman sauƙi. Kuma tunda ɗalibai suna son kwashe darussa a filash, ka sani cewa wanda aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4.

Dattijon zaure ya dawo:

Ban ƙi shawarar rubuta naka tsarin ba, amma ina jan kunne. Wanda ya karɓi wannan aikin daga hannun Chromium ya karɓi dukan ɗawainiyarsa: sake gwadawa bayan yankewa tare da tsawaita jira a hankali, cikar diski, karkatar da adireshi, da amsar 416 da ke zuwa idan ka nemi guntun da ya wuce ƙarshen fayil, kamar lokacin da ya riga ya kammala amma wuta ta tafi kafin a sauya sunansa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buɗe fayil a yanayin ƙari, wato na jona sabon bayani a ƙarshensa, uwar garke ta amsa da 200, shi kuma bai duba ba ya jona cikakken bidiyo a bayan rabin bidiyo, sai a samu fayil mai girma wanda ba ya buɗewa, data kuma ta tafi. Saboda haka gwajin SHA-256 da ɗan uwanmu ya ambata wajibi ne a wannan hanya, musamman da yake ɗaukewar wuta tana iya lalata ƙarshen guntun. Kowace hanya ka bi, ka kunna powerSaveBlocker a yanayin prevent-app-suspension muddin ana saukewa, ka kashe shi idan an gama, don kada kwamfuta ta yi barci a tsakiyar aiki. Da ni ne kuma, da na roƙi malaman cibiyar su yanka darasin awa ɗaya zuwa kashi huɗu ko biyar, domin asarar megabait 120 ta fi sauƙin haɗiyewa a kan ta 600.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, zarginka ya tabbata, kuma laifin nawa ne. Ni na rubuta ɗan shirin PHP da ke duba rajistar ɗalibi sannan ya turo bidiyon da readfile, kuma da na gwada da curl ban ga ETag ba, ban ga Content-Length ba, buƙatar bait 100 ma 200 ta dawo mini da ita. Yanzu na bar wa PHP aikin tantancewa kawai, yana miƙa wa nginx, wato manhajar uwar garken, fayil ɗin ta hanyar X-Accel-Redirect, kuma 206 tana dawowa tare da ETag da Last-Modified ba tare da na ƙara wani saiti ba. Yaya, ke ma kin gano shi: mai sauraron yana cikin aikin buɗe taga, na fitar da shi, sanarwar ta koma ɗaya.

Da gyaran uwar garken kaɗai resume ya fara aiki idan na cire wayar intanet na mayar. Saura batun ɗaukewar wuta, kuma na karkata ga hanyar .part da net, tare da kiyaye abin da Malam ya gargaɗe ni a kai. Gobe in Allah ya yarda zan gwada a tsohuwar kwamfutar teburi da ba ta da batiri, in zare soket ana tsakiyar saukewa sau goma in ga nawa ne za su tsallake gwajin SHA-256. Tambayar da ta rage mini ita ce ta layi: idan ɗalibi ya zaɓi darussa takwas lokaci guda a kan sabis mai rauni, in bar guda biyu su tafi tare, ko in jera su ɗaya bayan ɗaya don ya samu na farko cikakke ya fara kallo?