Taƙaitawa: abin da 'yan uwa na Makka da Jidda suka ce kan fasaha da neman abinci

Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda ƙofar neman abinci da fasaha ta buɗe a Saudiyya. An kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, a shekarar aka sake buɗe gidajen sinima, sannan aka ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu.

2. Mu riƙe abin da muka gada: tsire, ɗinkin hula, surfani, aikin fata, lalle. Masu tsire sun ce kasuwa na nan, tsafta da marufi mai kyau ne ke ƙara kuɗin kaya.

3. Nan aka fi daɗewa. Iyayenmu mata ke yin aikin a ɗaka, dillali ya saya da arha, ya kai wa alhazai da tsada. Shawarar masu yawa: matan su haɗa kai, su yi adashi, yaran gida su ɗauki hoto su tallata a Snapchat da Instagram. Ni ma nan na karkata.

4. An rabu kan tallafi. Masu takardar ɗan ƙasa sun ce a nemi rancen Bankin Raya Al'umma da ake ba iyalai masu sana'a. Masu iƙama (takardar izinin zama ta baƙi) suka ce ba su ciki, ga dokar kafili mai ɗaure baƙo ga wanda ya tsaya masa, don haka a daina magana kamar kowa ɗaya ne.

5. Waƙa da fim: matasa na so, wasu dattawa sun ƙi. Ba a daidaita ba.

6. Duk mai koyon sana'a a biya shi, ko ɗan wa ne.