Makarantar yara ta ce a kawo katakon zamiyar ƙanƙara, ta ina zan fara?

Maman_Haidar (Trondheim)

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna ƙasashen sanyi, dan Allah shawara nake nema. Mun taho Trondheim ne maigida yana karatu, wannan ne hunturunmu na farko a Norway. To jiya Haidar ya dawo da takarda daga makaranta wai za su yi ranar zamiya a daji, kowane yaro ya zo da katakonsa da sanduna da takalmi da abin sha mai zafi a filas, kuma iyayen da suka samu dama su biyo su. Ba irin wanda ake hawa tsauni da inji a gangaro da gudu ba ne, wannan ne da ake tafiya a kan layi cikin bishiyoyi, langrenn suke ce masa.

Na leƙa shago na ga kuɗin kayan sai da na riƙe baki, kuma iri-iri ne ban ma san wanne zan nuna ba. Saya ake ko akwai inda ake aro? Sannan ni kaina ina so in koya wallahi, tun Nuwamba ina cikin gida, a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 10 kafin ƙarfe 3 duhu ya rufe, na gaji da zaman nan kuma ina ganin tsofaffi da jakarsu suna wucewa daji ta bayan gidanmu. Babba zai iya koya kuwa? Kuma ya ake yi da hijabi da dogayen kaya? Abin da ya fi damuna sanyi ne, kar in je in kwaso wa yaro ciwo.

Injiniya_Bala (Oslo)

Wa alaikumus salam Maman Haidar, kar ki sayi komai tukuna. Ki nemi BUA a wayarki, wuri ne da ake ba da aron kayan wasanni kyauta kuma akwai shi a Trondheim, ki tafi da yaron a gwada masa takalmi a nan. In kun ga abin ya karɓe ku sai ki duba na hannu a shafin saye da sayarwa na Finn.no, yara suna girma da sauri shi ya sa kayansu ke cika can da araha.

Zamiyar kala biyu ce. Akwai ta gargajiya wadda ake bin layi biyu da mota ta zana a ƙanƙara, ƙafa na bin ƙafa, akwai kuma wadda ake buɗe ƙafa ana turawa gefe da gefe, ita sai a shekarun 1980 ta yaɗu kuma tana cin numfashi sosai. Ke ta gargajiyar za ki fara, katakonsu ma ba ɗaya ba ne. Tsawonsa ya ɗara tsayinki da santimita 20 zuwa 25, sanda kuma ta kawo miki hammata ko ta ɗan wuce, amma abin da mutane ke mantawa shi ne nauyin jiki, don tsakiyar katakon a ɗage yake, sai kin taka shi da duka nauyinki yake taɓa ƙasa ya kama, in ya fi ƙarfinki sai ki ta zamewa baya a hawa kina zaton ke ce ba ki iya ba. Saboda haka ki faɗa musu nauyinki. Na Haidar kar ya wuce tsayinsa da yawa.

Ki ce musu felleski kike so, mai ɗan gashi a manne a ƙasan tsakiyarsa. Wancan na kakin shafawa sai kin san yanayin ranar, kore in sanyi ya tsananta, shuɗi in ya ɗan sauka ƙasa da sifiri, ja in ƙanƙarar ta fara jiƙewa, ga kuma wani mai danƙo da ake kira klister da ke ɓata hannu da riga, sabon koyo ba ya buƙatar wannan ɗawainiyar. Ki tabbatar takalmi da maƙalin katakon sun dace, yawanci yanzu NNN ne ko Prolink kuma suna shiga juna, tsohon SNS ne ba ya shiga, wajen sayen na hannu ake faɗawa wannan.

Ranar farko ki nemi fili shimfiɗaɗɗe, ki ajiye sandunan gefe, ki dinga tafiya kamar mai jan silifas a tsakar gida, sannu a hankali za ki ji ƙafa ɗaya na ɗauke ki ta zame da ke. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki ya ɗan rinjaya gaba. Faɗuwa dole ce kuma ƙanƙara mai laushi ba ta jin ciwo, in kin faɗi ki tara katakon gefe guda ki durƙusa kan gwiwa sannan ki miƙe. Taragon Gråkallbanen yana kai mutum har Lian a bakin dajin Bymarka, in kuma wajen unguwar Moholt kuke dajin Estenstadmarka na kusa, kuma akwai layukan da ake kunna wa fitila da yamma, duhu ba ya hana kowa. A intanet za ki ga inda motar gyaran layi ta bi ranar. Abu ɗaya dai, kar a taka layin da takalmi zalla, suna jin haushinsa ƙwarai, ki bi hannun dama, mai gangarowa kuma a ba shi hanya.

Anti_Zainabu (Oulu)

Ƙanwata barka da zuwa, ni aikin jinya nake a nan Finland kuma sanyinmu ya fi naku, to bari in yi miki maganar kaya don nan ne 'yan uwanmu ke shan wuya. Jibga babbar riga mai kauri ba shi ne ba, zamiyar nan motsa jiki ce ta gaske, kafin ki yi nisa gumi ya karyo miki, in kuma auduga ce a jikinki ta sha gumin ta riƙe, kina tsayawa sanyi ya shige ki har ƙashi. Ulu ne zai fara taɓa fata, riga da wando, sai wata mai ɗan kauri a kai, sai ta waje mai tare iska. In kin fito ƙofa kina ɗan jin sanyi to kayan sun yi daidai. Babbar rigar ki sa a jaka, sai an zauna hutu a ɗora.

Hijabi kuwa ba matsala ko kaɗan, a dajin nan kowa a rufe yake ruf daga kai har ƙafa. Ki sa ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba auduga ba, ki ɗora hular ulu, ga abin wuya da ake ja har hanci. Ban da fil ko allura, ƙarfe na ɗaukar sanyi kuma ana faɗuwa. Doguwar abaya ce dai ba za ta yiwu ba don za ta harɗe ki, amma ana sayar da siket mai ɗumi da matan nan ke ɗorawa kan wando yana kaiwa gwiwa ko ƙasa, shi nake sawa. Safar hannu a saya wa Haidar mai haɗe yatsu wuri guda, ta fi ɗumi, a sa masa wata a jaka don sai ya jiƙa ta farko. Takalmi kar ya matse, safa biyu a matsattsen takalmi tana hana jini gudu ne.

Yanzu ga wanda nake so ki riƙe da kyau. Mu mun saba da hunturu ya shigo sai basilin a fuska, to a nan kar ki lafta masa mai dab da fita. An yi bincike a kan sojojin Finland aka ga masu shafa mai a fuska da kunne don kariya sun fi samun ƙunar sanyi, man yana sa mutum ya ji kamar da ɗumi sai ya ƙi rufe wurin. Ki shafa masa da dare, da rana kuma a rufe da ƙyalle. Sannan takardunsu za su ce miki a duba farin tabo a kumatu, a fatarmu ba lallai ya fito fari ba, yakan yi toka-toka ne ya taurare, yaron ya ce ba ya jin wurin. Ki dinga duba hanci da kunne da kumatu. In kin gani ki ɗora tafin hannunki mai ɗumi, kar ki murza, kar ki goga ƙanƙara, kar a kanga a wuta, ku koma ciki. In ya yi bororo ko jin bai dawo ba sai asibiti. Ko gasar duniya ana dakatarwa in sanyi ya wuce 20 ƙasa da sifiri, ke da kike farawa da yaro in ya wuce 10 ga iska ku bari sai wata rana. Ki kuma tambayi likitanku maganar bitamin D.

Sadik_Fagge

Hajiya ni ina Kano ban taɓa ganin ƙanƙarar ba, amma tsakani da Allah hankalina bai kwanta ba. Yaro ƙarami a kai shi daji cikin wannan sanyi saboda wasa? In ya karye ko limoniya ta kama shi fa, kuna ƙasar mutane ba dangi kusa. Ba za ki iya rubuta musu cewa ba zai je ba? Karatu kuka je yi.

Malam_Issoufou (Falun)

Ɗan uwa Sadik tsoronka na mai ƙauna ne, Allah ya saka, amma ban goyi bayan a hana shi ba. A ƙasashen nan ƙanƙara na kwance wata da watanni, wanda ya ce sai ta narke zai fita to ya kulle kansa da iyalinsa kusan rabin shekara, kuma na ga abin da zaman ɗaki cikin duhu ke yi wa mutanenmu, barci ya rikice, ƙiba, ƙuncin rai, mata su suka fi shan wannan don mazan ko ba komai suna fita aiki. Yaron kuma gobe duk ajinsu hirar dajin za su yi, shi kaɗai zai yi zuru.

Kuma abin a wurinsu ya wuce wasa, da shi kakanninsu ke farauta da zuwa gari kafin a samu titi. Kusa da mu a nan Sweden ake yin tseren Vasaloppet, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, ranar Lahadin farko ta Maris, an fara shi tun 1922, mutum sama da 15,000 ke tashi kuma mafi yawansu ba 'yan wasa ba ne, malaman makaranta ne da direbobi da 'yan fansho, mata ma suna da tasu ta kilomita 30. A Norway akwai Birkebeiner kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, kowa da jakar kilo 3.5 a baya don tunawa da jaririn ɗan sarki da mayaƙa biyu suka tsallaka tsauni da shi a 1206. Garin da Maman Haidar take ma shi ya karɓi gasar duniya a 2025 a Granåsen, ɗan garin Johannes Klæbo ya kwashe zinare 6, to ka ga irin wurin da yaron yake tasowa. Abin da ya fi burge ni shi ne dajin na kowa ne, dokar Norway tun 1957 ta ba kowa damar ratsa shi, ba ƙofa ba tikiti a yawancin layukan, kai da shugaban kamfani layi ɗaya kuke bi kuna gaisawa.

Maman Haidar ki lura da sallah kawai, azahar da la'asar da magariba a matse suke a hunturu, ki yi alwala a gida kafin ki fita, ki sa ƙaramar shimfiɗar roba a jaka. Azumi ma shekarun nan cikin lokacin ƙanƙara yake faɗowa, mu bayan buɗa baki muke ɗan zagaya layi mai fitila, don iskar busasshiya ce tana jawo ƙishi ba ka sani ba.

Injiniya_Bala (Oslo)

Malam ya faɗi gaskiya, amma maganar Sadik ma akwai wurinta. Dajin bayan gari daban, saman tsauni inda ba bishiya daban, can iska na iya tashi ka kasa ganin hannunka. A hutun Ista na 1967 mutum 18 suka rasu a tsaunukan Norway, shi ya sa har yau suke nanata ƙa'idojin tsauni, ciki har da cewa ka juya da wuri ba abin kunya ba ne. Bana ki tsaya a layukan gari, ki duba hasashen yanayi a Yr kafin fita, ki faɗa wa maigida inda kuka nufa, waya a aljihun ciki don sanyi na shanye batir, lambar motar asibiti 113. Kuma kar ku hau kan tafkin da ya daskare don kun ga sawun wani, ko na Lian ne.

Maman_Haidar (Trondheim)

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Yaya Sadik na gode da kulawa, in sha Allah za mu kiyaye. Mun je BUA sun ba mu na Haidar da nawa, mai gashin aka samu, matar wurin har nuna min ta yi yadda ake maƙala takalmin. Asabar za mu gwada a filin ƙwallon unguwa, na ga an zana layi a ciki. Anti Zainabu saura abu ɗaya, ina sa tabarau kuma da na ja ƙyallen nan kan hanci sai ya yi hazo ban ganin gabana, ya kike yi?

Anti_Zainabu (Oulu)

Numfashinki ne ke hawa sama ta bakin ƙyallen. Ki sauke shi ƙasan hanci ya rufe haɓa da kumatu kawai, in sanyi ya matsa ki ja shi sama ki tura bakinsa ƙarƙashin tabarau ɗin ya danne, ki dinga fitar da numfashi ƙasa. Shagunan tabarau suna sayar da ƙyallen gogewa mai hana hazo, ki goge tun a gida. Ki zuba shayi mai citta a filas, ki sa dabino a aljihu, Haidar zai nemi abin ci tun ba ku yi nisa ba.